Kanar Ɗin Da Aka Tsinto A Jos: Tarihin Ƙananan Taurari A Shiri Mai Dogon Zango

 

Duk wanda ya daɗe yana karanta labaran da ake turowa wannan zaure ya san wata cuta da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, mu ma da muke wannan rubutu ba mu tsira daga gare ta ba. Za ka ga labari ya kai shafi 200, amma mutum biyu ne kaɗai masu rai a cikinsa, saurayi da budurwa. Sauran jama'a duk inuwa ce. Akwai ƙawa wadda aikinta kawai ta ce "me ya faru?", akwai direba mai buɗe ƙofar mota, akwai maigadi mai wangale get, akwai 'yar aiki da ke kawo lemo ta koma kicin. Ba sa jin yunwa, ba a bin su bashi, ba su da ra'ayi a kan komai. Malaman adabi suna kiran irin waɗannan mutane ƙananan taurari, mu kuwa mun riƙe kalmar "ƙanana" da ƙarfi har muka mayar da su ba kowa ba.

Maimakon doguwar nasiha, wannan makon tarihi za mu bayar. Tarihin wani shirin talabijin ne na ƙagaggen labarin kimiyya da aka yi a Ingila, wanda ƙaddara ta haɗa shi da Arewacin Nijeriya. Idan mun gama da shi sai mu dawo gida mu duba namu.

YADDA SHIRIN YA ISO MANA

Ranar 23 ga Nuwamba 1963, kwana ɗaya bayan kashe Shugaba Kennedy na Amurka, BBC ta fara nuna wani shiri mai suna Doctor Who. Babban tauraronsa baƙon halitta ne mai siffar ɗan Adam, ana ce masa Dakta. Yana yawo tsakanin duniyoyi da zamunna a cikin wani jirgi wanda daga waje kamar rumfar wayar 'yan sandan Ingila yake, daga ciki kuwa ya fi gida faɗi. Idan ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Dakta zai bar aikin, sai labari ya ce Dakta ya sake jiki, a kawo wani ɗan wasan. Da wannan dabara shirin ya yi shekara 26 yana gudana har 1989, sannan aka farfaɗo da shi a 2005.

A shekarun farko BBC takan kwafe kowane kashi a kan fim irin na majigi, a zuba a gwangwanaye, a sayar wa tashoshin ƙasashen waje. Nijeriya na cikin masu saye, kuma gidan talabijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya nuna shirin tun a tsakiyar shekarun 1960. Ba kowace ƙasa ake buga wa nata kwafin ba. Kwafi ɗaya ne ke zagayawa, wannan ƙasa ta gama nunawa ta miƙa wa ta gaba, wadda ya ƙare a hannunta kuma ta mayar Landan ko ta lalata shi.

A can Landan kuwa wani abu ne ke faruwa. Faifan da ake ɗaukar shiri a kansa yana da tsada, don haka sai a goge tsohon shiri a ɗauki sabo. Yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaita shiri, talabijin mai launi ta shigo ta rage darajar baƙi-da-fari, kuma ba wanda ya hango ranar da mutum zai sayi shiri ya kalla a ɗakinsa. Daga 1967 zuwa 1978 aka yi ta gogewa da zubarwa. Ko da aka farga aka daina, an yi asara mai yawa. Tun daga nan aka shiga nema a duniya, kuma a tsakiyar shekarun 1980 an samu wasu kashi a Nijeriya an mayar. Duk da haka, zuwa 2013 kashi 106 ne ba a san inda suke ba.

A watan Oktoba na 2013 BBC ta ba da sanarwar cewa wani Bature mai bin sawun tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya tarar da gwangwanaye a ɗakin ajiya na wata tashar talabijin a Jos. Kashi 11 aka mayar Ingila, tara daga ciki babu kwafinsu a ko'ina. Lissafin ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97. A cewar Morris, ta Hong Kong gwangwanayen suka biyo kafin su iso Nijeriya. Labarai biyu ne a ciki, The Enemy of the World da The Web of Fear, waɗanda aka fara nunawa daga Disamba 1967 zuwa Maris 1968. Abin da ya shafe mu a matsayinmu na marubuta shi ne mutanen da ke cikin gwangwanayen nan, musamman waɗanda aka rubuta don su fito sau ɗaya a manta da su.

SOJAN DA YA ZO NA MAKO HUƊU

A labari na biyu, The Web of Fear, an kwashe mutanen Landan saboda wata irin saƙar gizo-gizo mai kisa da ta mamaye ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wasu dodanni da ake kira Yeti, waɗanda a zahiri injuna ne aka lulluɓe da gashi, suna sintiri a ramukan. Mai juya su wani hankali ne marar jiki daga sararin samaniya. Sojoji 'yan kaɗan sun maƙale a wani sansani, kuma sun gane akwai maci amana a cikinsu. Ana cikin haka sai ga wani Kanar ya ɓullo daga duhu, sunansa Lethbridge-Stewart, ya ce an turo shi ya karɓi ragama. Marubutan, Mervyn Haisman da Henry Lincoln, sun kawo shi ne don ya ƙara yawan waɗanda mai kallo zai zarga.

Ɗan wasan ma ba shi aka nufa da rawar ba. Darakta Douglas Camfield ya ɗauki Nicholas Courtney ne don ya fito a Kyaftin Knight, wanda ake kashewa kafin labarin ya ƙare. Sai wanda aka ba rawar Kanar, David Langton, ya janye, aka ɗaga Courtney zuwa gurbinsa. Da Langton bai janye ba, da Courtney ya mutu a labarin an wuce wurin.

Me ya sa wannan Kanar ya zauna a zukatan masu kallo? Kashi na huɗu, wanda ke cikin na Jos, ya ba da amsa. Dakta ya gaya masa yana da jirgi mai kama da rumfar 'yan sanda da zai iya fitar da su. Kyaftin Knight ya ɗauki maganar shirme. Kanar bai gane yadda hakan zai yiwu ba shi ma, amma ya auna a matsayinsa na soja mai alhakin rayuka, ya ga babu wata mafita, ya ɗebi mutanensa suka fita nemo jirgin. Dodannin suka rutsa da su a unguwar Covent Garden suka karkashe su, shi kaɗai ya dawo daga cikin waɗanda suka bi shi, a gigice. Ya yanke hukunci da kansa, hukuncin ya ci rayuka, kuma nauyin ya hau kansa. A wannan fitowar Dakta ba ya kusa. Ƙaramin tauraro ne ke ɗauke da labarin.

Kafin 1968 ta ƙare aka dawo da shi a labarin The Invasion, an ƙara masa girma zuwa Birgediya, yana shugabantar wata runduna mai suna UNIT da ke tunkarar baƙin halittu. A 1970, don rage kashe kuɗi wajen gina duniyoyin ƙarya, masu shirin suka tsare Dakta a doron ƙasa, suka sa shi aiki a matsayin mai ba rundunar shawara kan kimiyya. Ka ga ke nan ɗan rakiya ya zama maigidan jarumi a wurin aiki.

A wannan shekarar aka yi labarin da muke so kowane marubuci ya riƙe. Wasu halittu masu kama da ƙadangaru, waɗanda suka mallaki duniya kafin ɗan Adam, sun farka daga dogon barci a kogwannin ƙarƙashin ƙasa. Dakta ya dage a yi sulhu a zauna tare. Amma wasu daga cikinsu sun riga sun saki annoba da ta kashe mutane a Landan. Da ƙura ta lafa, Dakta ya juya baya, sai Birgediya ya sa aka tarwatsa kogwannin da nakiya. Dakta ya ɗauki abin a matsayin kisan kai. Birgediya kuwa yana ganin ya sauke nauyin da aka ɗora masa. Marubucin bai sa ɗayansu ya durƙusa ya nemi gafarar ɗayan ba, kuma abotarsu ta ci gaba da wannan tabo a jikinta.

Courtney ya riƙa fitowa a kai a kai har 1975. A 1983 aka sake ganinsa ya yi ritaya yana koyar da lissafi a makarantar kwana. Ya dawo a 1989, sannan a 2008 ya fito na ƙarshe a The Sarah Jane Adventures, shirin da aka gina a kan wata tsohuwar abokiyar tafiyar Dakta, ita ma 'yar rakiya ce da ta samu nata gidan. Shekara 40 ke nan ga rawar da aka rubuta ta mako huɗu. Da Courtney ya rasu a Fabrairu 2011, ba a nemo wani ya maye gurbinsa ba. An nuna Dakta ya buga waya gidan kula da tsofaffi, aka gaya masa Birgediya ya riga mu gidan gaskiya. Daga 2012 aka kawo 'yarsa, Kate, ta gaji rundunar. An sake jikin Dakta fiye da sau goma, amma masu kallo ba su yarda a sake fuskar wannan soja ba.

Wani abin takaici, kashi na uku, wanda a cikinsa ne aka fara ganin fuskar Kanar, shi ne kaɗai bai koma Ingila ba. Morris ya ce ya gan shi a Jos tare da sauran, amma ya ɓace kafin a kwaso su. A kashi na biyu takalmansa kawai aka nuna yana takawa a rami. Abin da ya rage na kashi na uku shi ne muryoyin da masu kallo suka naɗa a gidajensu a 1968 da wasu hotuna, sai kuma zanen da aka yi aka ɗora wa muryoyin a 2021.

SAURAN MUTANEN CIKIN GWANGWANI

Kanar ba shi kaɗai ba ne. A cikin ɗaya daga rigunan dodannin nan akwai wani saurayi, John Levene, wanda ko fuskarsa ba a gani. Camfield ya lura da shi, ya ba shi ƙaramar rawar Kofur Benton a labarin da Birgediya ya dawo. Benton ya zama saje, daga baya ya kai muƙamin samanja, ya yi shekaru yana fitowa. Daga cikin buhun gashi ya fito.

A labari na farko kuwa, The Enemy of the World, akwai Fariah, baƙar mace, wadda Carmen Munroe 'yar asalin Guyana ta fito a matsayinta. Aikinta ɗanɗana abincin azzalumin shugaba Salamander kafin ya ci, don gudun guba. A hannun malalacin marubuci, wannan ita ce 'yar aikin da ke kawo lemo. David Whitaker ya ba ta dalili: tilasta mata aka yi ta shiga aikin, ta tsani maigidan, ta yi haƙuri har ta sace takardun da za su tona masa asiri. Aka harbe ta, tana bakin mutuwa ana matsa mata ta faɗi wanda ke tare da ita, ta ƙi. Wannan fitowar tana kashi na huɗu, kuma shekaru da dama ba wanda ya iya ganinta sai da gwangwanin Jos ya fito. Idan muka tuna cewa a 1967 ɗin nan shirin ya nuna wani baƙin mutum, Toberman, a matsayin ƙaton bawa da da ƙyar yake furta kalma, za mu ga tazarar da alƙalami ke iya sawa tsakanin mutum da kayan ɗaki.

Akwai kuma darussa biyu a sansanin sojojin nan. Saje Arnold dattijo ne mai faɗa da tausayi, irin wanda kowa ke jingina da shi. A ƙarshe sai ga shi jikinsa ne maƙiyin ke amfani da shi. Ɓoyon ya yi aiki ne saboda mai kallo ya saba raina mai ƙaramin muƙami, idonsa na kan Kanar da ɗan jarida. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Sai direba Evans, matsoraci mai neman hanyar gudu. Tsoronsa yana da amfani, domin shi ne ke yin abin da yawancinmu za mu yi in mun ga dodo. Sai dai an ɗora wani kaso na dariyar a kan cewa shi ɗan yankin Wales ne, da karin harshensa, kuma wannan ɓangaren shi ne ya fi tsufa a rawar.

A nan ne amfanin ƙananan taurari ya fi fitowa a labarin kimiyya. Jarumin irin wannan labari abin al'ajabi ne, kuma al'ajabi ba ya auna kansa. Sai an samu mutum irinmu a gefe, mai albashi da tsoro da taurin kai, sannan mai kallo zai san girman abin da ke faruwa. Mun yarda da jirgin Dakta ne saboda soja mai hankali ya yi shakka, ya auna, ya sa rayuka a kai.

MU DAWO GIDA

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a adabinmu. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933, Abubakar Imam ya shigar da Ruwan Bagaja. Jarumin littafin Alhaji Imam ne, amma tambayi duk wanda ya karanta shi a firamare wa ya fi tunawa, da wuya bai ambaci Malam Zurƙe ɗan Muhamman ba. Zurƙe ba ya bin jarumi da jaka. Yana da nasa yawon, ga wayo ga riƙo, su haɗu a wannan gari a cuce shi, su haɗu a wancan ya rama. Duk inda ya ɓullo labarin sai ya motsa.

A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani baƙon halitta, Kolin Koliyo, ya ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya. Ginin iri ɗaya ne da na Dakta da abokan tafiyarsa: mai ilmin al'ajabi a gefe guda, ɗan gida mai tambaya a ɗaya gefen. Fiye da shekara 50 bayan Dembo, fagen labarin kimiyya a Hausa har yanzu fili ne mai faɗi da gonaki 'yan kaɗan.

A talabijin, wanda ya fi nuna mana darajar mai ƙaramin muƙami shi ne Usman Baba Pategi. A labarin yaƙi na yau da kullum janar ne jarumi, samanja kuwa mai daka tsawa ne a bayan fage. Pategi, wanda shi kansa tsohon soja ne, ya ɗauko wannan na bayan fagen ya sa shi a tsakiya, aka samu Samanja Mazan Fama a Kaduna tun shekarun 1970. Bai tsaya shi kaɗai ba, ya kewaye kansa da mutanen bariki irin su Bariki da Mutuwa Dole. Ku lura da wani abu: Pategi Banufe ne, kuma Hausar bariki da yake yi, mai gauraye da Turancin sojoji, daga cikin rayuwar da ya sani ta fito. Dariyar ba ta raina wata ƙabila, dariya ce ta 'yan gida ɗaya. Ya rasu a Nuwamba 2023, har yau kuwa da sunan rawarsa ake kiransa.

Mu nan kwarin Rima, kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, Birnin Kebbi da Argungu duk a Jihar Sakkwato suke, kuma manyanmu suna tuna Idon Matambayi na NTA Sakkwato kamar yadda Kanawa ke tuna Kuliya Manta Sabo, mutanen Jos ke tuna Karkuzu. Mun nemi irin waɗannan shirye-shirye a intanet don shirya wannan rubutu, abin da muka samu gutsattsari ne. Gwangwanin Turawa ya yi kusan shekara 40 a Jos har aka zo aka same shi, namu kuwa muna ta cigiya.

Da Arewa24 ta fara Daɗin Kowa a 2015, sai aka ga shirin da garin ne jaruminsa. Kamaye da Adama, Malam Nata'ala, Ɗantani mai shayi, Ayuba maigadi, Malam Kabiru makaho, kowane ɗayansu a wani fim ɗin zai fito ne na minti biyu. A nan an ba kowa gida da matsala. Shi ya sa shirin ya iya daɗewa, domin in labarin wannan gida ya huce sai a leƙa na maƙwabci. Ga abin da zai ƙarfafa mana gwiwa: Ɗan'azumi Baba, mai fitowa a Kamaye, marubucin littattafan Hausa ne tun shekarun 1990, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar Raina Kama ta Kano.

Maganar kuma ba ta tsaya a takarda ba. A Fabrairu 2022 Hajiya Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya, bayan shekaru masu yawa tana fitowa a matsayin uwa da kaka, ta gaya wa BBC Hausa cewa akan sallame ta da Naira 2,000 zuwa 5,000 a fim. Wasu masu shirya finafinai suka musanta, suka faɗi abin da suka ce sun biya ta, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Ba mu zo yin alƙalanci ba. Abin da ya shafe mu shi ne, kafin a kai ga mai biyan kuɗi, marubuci ne ya fara yanke wa uwar nan layi biyu: ta sa albarka, ta share hawaye. Rawar da aka rubuta da rowa, da rowa ake biyanta.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Kowa a nan ya san bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake lissafin farkonsa daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Hoton da ke zagaya duniya shi ne na mutumin da ya kamo kifi mafi girma a Matan Fada. Mu da muke kusa mun san wannan mutum ba ya taɓa ruwa sai Sarkin Ruwa da Homa sun gama nasu aikin, ga makaɗa a cikin kwale-kwale, ga masu gyaran koma da gora. Wanda ya rubuta labarin bikin da mai babban kifi kaɗai, baƙo zai yarda, Bakabe ba zai yarda ba.

A ce ɗayanmu zai rubuta labarin kimiyya a nan gida: shekarar 2090, kogin Rima ya ƙafe, wata masaniya daga jami'ar Aliero ta ƙera injin da zai dawo da ruwa. Ita ce jaruma, babu gardama. Amma mai karatu ba zai yarda da injin ba sai ya ga bakanike mai gyaran injin ban-ruwa ya zagaya shi ya ce ba zai yi ba, kuma yana da hujja. Sai ya ga mai noman shinkafa a fadama da ta ci bashi tana jiran ruwan, da Sarkin Ruwa na wancan zamani wanda ke ganin kogin amana ce a wuyansa kafin ta zama ta gwamnati. Ɗaya daga cikinsu ya saɓa wa jarumar, ya aikata abin da ya ga daidai ne, kada kuma marubuci ya tilasta masa tuba a shafin ƙarshe.

Mu kuma kiyaye da tarkon Evans. Jiharmu ta Kabawa ce da Fulani da Zabarmawa da Dakarkari da Kambari da Dandawa da sauransu. Idan Badakkare ko Bazabarme bai taɓa fitowa a labarinmu ba sai don a yi dariyar Hausarsa, to mun yi masa abin da aka yi wa Toberman, kuma 'ya'yansa suna cikin masu karanta mu.

Tarihin nan bai ce a ba kowa babi guda ba. Fariah kashi uku kawai ta fito, Kanar huɗu aka rubuta masa. Abin da aka ba su shi ne aikin yi, da abin da suke so wanda ba na jarumi ba ne, da dama guda ta yanke hukunci. Wannan bai fi sakin layi biyu ko uku ba in marubuci ya san mutumin.

Aikin wannan mako: kowa ya buɗe labarin da yake kan rubutawa, ya nemo mutumin da ya fi kowa ƙanƙanta a ciki, maigadin ne ko ƙawar ko direban. A rubuta shafi ɗaya a kan ranar da jarumi ya yi tafiya ba ya gari. Wa ya tashe shi da asuba, nawa ne a aljihunsa, me yake ɓoye wa maigidansa? A turo a ƙarƙashin wannan rubutu kafin Alhamis, mu karanta tare mu yi wa juna gyara. Wanda kuma yake da tsohon kaset na wasannin talabijin ɗinmu na da a akwatin mahaifinsa, don Allah kada ya zubar, ya yi mana magana mu ga yadda za a kwafe shi.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.